Mai Tsaron Gida

Ranar Laraba, la'asar sakaliya,
na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na bi Illa zuwa filin Bilbis.
Shi ne a gaba.
Rabon da ya yarda in riƙe masa hannu a titi
tun Sallar Layya waccan.

A gindin dogon yaro an kafa tebur mai ƙafa uku,
bulo ne ta huɗun.
Mushe Nomau na zaune, usur a wuya,
ya danne littafinsa da dutse.

Hoto biyu, ya ce. Na miƙa.
A ciki yaron ya ɗaure fuska kamar mai bin bashi.
Takardar haihuwa.
Na zaro ta daga leda, ledar ma daga cikin wata leda.
Jikka biyu kuɗin shiga.
Na ƙirga masa a tafin hannu:
rigunan 'yan mata uku ke nan,
da wandon maƙwabci da na rage wa tsawo.

Shekara? Tara.
Yana da asma? Yana da farfaɗiya?
Ba shi da komai sai gardama.
Sunan uba?
Asumanu.
Zai zo ya sa hannu?

Na dubi filin.
Wata akuya na ratsa tsakiyarsa ba ta nemi izinin kowa ba.
Abijan, na ce. Damina huɗu.
Mushe bai ko ɗago kai ba.
Nan Tawa ce, in ji shi,
rabin littafin nan ubanninsa na bakin teku.

Wa za a kira in an ji ciwo?
Lambobi biyu ke kaina.
Akwai doguwar nan,
mai ringi kamar guga a rijiya mai zurfi,
wani lokaci ta zo da ruwa, wani lokaci da iska.
Na ba shi gajerar, tawa.

Sai ya juya ga yaron.
To, maza, ina kake bugawa? Gaba ko?
Kowa gaba yake so, kowa sai ya ci.
Illa ya haɗa ƙafafu, ya ce:
Mai tsaron gida.

Mushe ya yi dariya har usur na rawa.
Yaro ashirin da uku na rubuta,
ba wanda ya roƙi wannan aiki da bakinsa.

Ni ban yi dariya ba.
Tasha na tuna, da asuba,
injin mota na tari, buhun gari a kafaɗar uban,
ya duƙa ya dafa kan ɗan shekara biyar:
Na tafi, kai ne mai tsaron gida.
Magana ce irin ta matafiyi,
a faɗe ta a hau mota.
Ashe an shuka ta.
Tun ranar, ba ya barci sai ya taɓa sakata,
sai ya leƙa garken tumaki, tumakin da biyu ne kacal.

Na karɓi bik na sa hannu
a layin da ba nawa ba.

Aka tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu marasa raga.
Balo ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa,
yara suka yi ihu.
Ta biyu ta same shi a ciki, ya naɗe a kanta,
ya tashi da ƙasa a baki
yana neman inda nake.
Na ɗaga masa ledar takardu kamar tuta.

Da dare na zazzage buhun ƙyallaye,
na yanko lamba ɗaya daga farin yadi,
na ɗinka a bayan tsohuwar rigarsa ta lakwal.
Ta ɗan karkace. Na bar ta.

Na juyo in nuna masa,
ya yi barci a kan tabarma, gwiwa duk ƙuje,
hannuwa a buɗe kamar mai jiran wani abu daga sama.
Ƙofa na nan yadda muka shigo.

Na tashi a hankali,
na sa sakatar da kaina.